Grand-Bassam: Tsohon babban birnin Kodebuwa da fatake ke wucewa ba su yada zango ba

Duk ɗan kasuwar da ya taɓa bin mota daga Legas zuwa Abijan, ta Kwatano da Lome da Akara, ya ratsa Grand-Bassam ko ya lura ko bai lura ba. Bayan an bar Elubo a iyakar Gana an shiga Noé, hanya kan bi ta Aboisso da Bonoua, ta haye gada a Moossou, sannan ta gifta garin, saura kimanin kilomita 40 a isa Abijan. A daidai wannan wuri gajiya ta riga ta gama da fasinja, hankalinsa kuma ya tafi kasuwar Adjamé, ko rumbunan goro na Anyama, ko dilolin atamfar da zai ɗauro. Abin da kawai yake gani ta taga shi ne itatuwan kwakwa da rumfunan masu sassaƙa.

Mutanen Abijan kuwa nan ne wurin shan iskarsu. Ranakun Asabar da Lahadi ma'aikata da 'yan kasuwa kan kwaso iyali su cika bakin tekun, su ci gasasshen kifi, su koma da yamma. Ga mutumin Kano ko Kaduna ko Abuja da ke son ya kai iyalinsa su ga teku a hutun shekara, ba tare da ya shiga layin neman biza ba, garin yana cikin wuraren da suka fi sauƙin kaiwa: mai fasfo ɗin ECOWAS yana da damar zaman kwana 90, filin jirgin saman Abijan kuma yana Port-Bouët, a kan hanyar Bassam ɗin, ta yadda baƙo zai iya sauka ya wuce kai tsaye ba tare da ya shiga cunkoson birni ba. Sai dai wuri ne da ke buƙatar a san shi kafin a je, domin tekun da ake zuwa kallo tana cin mutane, kuma ba kowace tukunya ce Musulmi zai sa hannu a cikinta ba tare da tambaya ba.

Gari biyu, tafki a tsakani

Bassam kashi biyu ce. Akwai sabon gari a kan tudu, inda kasuwa da tasha da masallatai suke, wanda unguwar Impérial ce cibiyarsa. Akwai kuma tsohon gari da ake kira Quartier France, wato Unguwar Faransa, wanda ke kan wani siririn zirin yashi, Tekun Atilantika ta kudu, tafkin Ouladine ta arewa. Gada ce ta haɗa su. Otal-otal da wuraren cin abinci na bakin teku suna jere ne a wannan zirin, daga tsohon gari har zuwa ƙauyen masunta na Azuretti ta yamma.

Faransawa sun ƙulla yarjejeniya da sarakunan wurin a 1842, suka gina sansani a shekarar da ta biyo baya. Abin da ya jawo su shi ne bakin kogin Comoé, wanda ta nan ake sauko da zinariya da hauren giwa da manja, daga baya kuma katako. A 1893 aka ayyana Kodebuwa a matsayin ƙasar da Faransa ke mulka, aka naɗa Louis-Gustave Binger gwamna na farko, Grand-Bassam ta zama mazauninsa. Shi wannan Binger ba baƙo ba ne ga tarihin fatauci: ya tashi daga Bamako a 1887, ya bi ta Kong, ya leƙa Salaga a ƙasar Gwanja inda ayarin Hausawa ke sayen goro, ya ƙare tafiyarsa a Bassam a 1889.

Sarautar garin ba ta yi tsawon rai ba. A 1899 annobar shawara ta faɗa masa, ta kashe akasarin Turawan da ke zaune a ciki, waɗanda suka tsira suka tattara komatsansu suka koma Bingerville a 1900. Daga can mulki ya koma Abijan, daga bisani a 1983 aka mayar da babban birni Yamusukuro. Kasuwanci dai ya ci gaba da riƙe Bassam na wasu shekaru, albarkacin wata doguwar gadar ƙarfe da aka miƙa cikin teku, inda ake loda kaya a kwale-kwale a kai wa manyan jiragen da ke tsaye daga nesa. Da aka gina irinta a Port-Bouët a 1931, aka kuma haƙa mashigar Vridi a 1950 wadda ta bai wa Abijan tashar jiragen ruwa ta gaske, sai kamfanoni suka rufe shagunansu ɗaya bayan ɗaya. Hasumiyar da ke haska wa jirage hanya, wadda har yau take tsaye a ɓangaren Impérial, an kashe fitilarta a 1951.

Wannan watsi da aka yi da garin shi ne ya adana shi. Babu wanda ya ga ribar rushe tsofaffin gine-gine don ya kafa benaye, saboda haka suka zauna yadda aka bar su, har hukumar UNESCO ta sanya tsohon garin cikin wuraren tarihi na duniya a 2012.

Yini guda a tsohon gari

Da ƙafa ake zaga Unguwar Faransa, kuma da sassafe ya fi, kafin rana ta ɗaga zafi mai ɗanko ya sauko. Wanda ya saba da busasshen zafin Arewa zai yi mamakin yadda gumi ke jiƙa riga alhali ma'aunin zafi bai kai na Sakkwato ba.

Wurin farawa shi ne fadar gwamna, wadda aka gina a 1893, aka mayar da ita gidan tarihin tufafi na ƙasa a 1981. A ciki akwai suturar ƙabilun ƙasar: tufafin ɓawon itace na mutanen da, saƙar Baule, kayan ado na sarakunan Akan, rigunan mafarautan arewa masu ɗauke da layu, da ƙananan samfurin gidajen gargajiya. Akwai kuma tsofaffin hotuna na zamanin aikin tilas, inda ake ganin ƙarti ɗauke da Bature a kan ragaya. Mai sayar da yadi a Kantin Kwari zai daɗe a wannan gida fiye da kowa, domin zai ga dangantakar saƙar arewacin Kodebuwa da ta ƙasar Hausa, tun daga siririn ƙyallen da ake saƙawa a harhaɗa har zuwa aikin wuyan riga. Ginin kansa abin kallo ne: baranda mai faɗi ta kewaye shi, ga dogayen tagogi da aka tsara don iskar teku ta ratsa ɗakuna, a zamanin da babu fanka balle na'urar sanyaya ɗaki.

Ba nisa daga nan akwai tsohon gidan waya da kwastan, da tsohuwar kotu ta 1911, da dutsen tunawa da Marcel Treich-Laplène, wanda ya mutu a 1890, kuma sunansa unguwar Treichville ta Abijan ta ci. Gaba ta gabas sai unguwar kasuwanci, inda kamfanonin Faransa irin su CFAO, da attajiran Lebanon da Siriya, da manyan 'yan kasuwa 'yan ƙasa suka gina benaye masu shago a ƙasa da mazauni a sama. Mafi shahara shi ne gidan Ganamet na 1920, wanda yanzu saiwoyin itatuwa suka kama bangonsa. Wasu gidajen an gyara su, da yawa kuwa gishirin teku yana cin su a hankali, kuma gaskiyar magana ita ce kulawar da ake ba su ba ta kai darajar sunan da UNESCO ta ba garin ba. Samari kan tsaya a ƙofar irin waɗannan kangaye su ce za su zagaya da baƙo. Ya kamata a yanke abin da za a ba su tun kafin a shiga, kuma kada a bar yara su hau matakalar da ta ruɓe.

Gadar da ta haɗa gari biyun ana kiranta Pont de la Victoire, wato Gadar Nasara, kuma sunan yana da dalili. A watan Fabrairun 1949 gwamnatin mulkin mallaka ta kama shugabanni takwas na jam'iyyar PDCI-RDA, cikinsu har da marubuci Bernard Dadié, ta tsare su a kurkukun Bassam watanni ba shari'a. Da suka shiga yajin cin abinci a watan Disamba, matan Abijan suka yi gangami suka nufo garin, da yawansu a ƙafa, bayan an hana direbobi ɗaukarsu. Ranar 24 ga Disamba jami'an tsaro suka tare su a wannan gada da duka da feshin ruwa. Ba a saki fursunonin a ranar ba, amma tattakin ya shiga tarihin neman 'yancin ƙasar, kuma sunan Marie Koré, ɗaya daga jagororinsa, yana cikin sunayen da ake koya wa yara a makaranta.

A ƙarshen unguwar ta gabas akwai ƙauyen N'zima, 'yan uwan Nzema na yammacin Gana. Su ne masu bikin Abissa da ake yi tsakanin ƙarshen Oktoba da farkon Nuwamba. Abin da ya bambanta bikin shi ne, a kwanakinsa an yarje wa mawaƙa su tsaya a bainar jama'a su faɗa wa sarki da manyan gari laifinsu, ba kuma wanda zai hukunta su, sannan a yafi juna a shiga sabuwar shekara. Biki ne na gargajiya mai ganga da rawa da shafa farar ƙasa a fuska, maza su yi shigar mata, ga shaye-shaye a gefe. Mai son ganin al'ada zai ƙaru. Mai neman natsuwa da iyali gara ya kauce wa makon, domin ɗakuna kan ƙare, kuɗinsu kuma ya hau.

Mai son tsaraba ya tsaya a rumfunan masu sana'ar hannu da ke bakin hanyar shiga gari daga Abijan. Akwai zanen Korhogo mai hoton dabbobi, da saƙar Baule, da kayan tagulla, da kujerun kaba, akwai kuma cibiyar masu ginin tukwane a cikin tsohon gari. Farashin farko na Turawa ne. Bakano ba ya buƙatar a koya masa abin da zai yi da shi.

Tekun kallo

Tun zamanin Turawa matsalar Bassam ita ce igiyar ruwanta. Saboda ita ne manyan jirage ba sa iya matsowa gaɓa, har ake sauke fasinja cikin kwando da ƙugiya a ɗora su a kwale-kwale. Ruwan bai canza hali ba. Gaɓar tana da gangara, taku kaɗan mutum zai yi ƙasa ta kuɓuce masa, kuma igiyar kan taso ta fashe a kan yashi da ƙarfin da zai kayar da babban mutum ko da ruwan bai wuce gwiwarsa ba. Idan ta fashe sai ta koma da ja, ta kwashe yashin da ke ƙarƙashin ƙafa. A wasu wurare ruwan da ke komawa yakan taru ya zama kamar kogi mai gudu zuwa cikin teku, kuma abin da ke yaudarar baƙo shi ne, daidai nan ne saman ruwan ya fi kama da kwantacce. Kusan kowace shekara jaridun Abijan kan kawo labarin waɗanda suka nutse a wannan gaɓa, akasari matasa da suka zo yawon ƙarshen mako.

Wanda ya iya iyo a kududdufi ko a madatsar Tiga kada ya ɗauka ya iya wannan. Jallabiya ko hijabi ko doguwar riga idan suka sha ruwa nauyi suke yi, su naɗe ƙafa. Ɗaukar hoto an juya wa teku baya shi ne yadda mutane da yawa ke faɗuwa. Yara kuwa a riƙe hannunsu, su tsaya inda kumfa ke ƙarewa. Idan ruwa ya ja wani, masana ceto suna cewa kada ya yi kokawa da shi yana neman komowa kai tsaye, ya bar kansa ya taso, ya yi gefe a layin gaɓa har ya fita daga jan, na tudu kuma su kira masunta ko masu tsaron wurin maimakon su faɗa su zama biyu.

Saboda haka ne yawancin otal-otal ɗin da ke bakin tekun suke da wurin wanka na siminti, kuma ga mai yara wannan ya kamata ya zama sharaɗin farko wajen zaɓen masauki. Sauran nishaɗin duk a tudu yake: zama a rumfar ganyen kwakwa, hawan doki a kan yashi, kallon masunta suna jan koma da asuba wajen Azuretti. Ana kuma shiga kwale-kwale a zaga tafki har bakin Comoé, amma a nemi rigar kariya daga nutsewa kafin a biya kuɗi. Wanda ya matsu sai ya shiga ruwa, Assinie da ke gaba ta gabas tana da ɓangaren tafki mai sanyin hali, sai dai can wurin masu hannu da shuni ne.

Abin da ake ci, da inda ake ci

Tushen abincin kudancin Kodebuwa shi ne aceke. Rogo ne ake ferewa a niƙa, a haɗa da ɗan tsohon ƙulli don ya yi tsami, a matse ruwan, a murza shi ya zama tsaki-tsaki, a shanya, a sheƙe, sannan a turara. A ido kamar dambu yake, a baki kuma yana da ɗan tsami irin na garin kwaki, sai dai ya fi shi laushi. Sana'ar matan ƙabilun bakin tafki ce, kuma a watan Disambar 2024 UNESCO ta sanya fasahar yinsa cikin al'adun duniya da ake karewa.

Abokin tafiyar aceke a Bassam gasasshen kifi ne. Ana tsaga shi a shafe da yaji da tafarnuwa da citta, a gasa a kan gawayi, a lulluɓe shi da yankakkiyar albasa da tumatir, a kawo da daƙaƙƙen barkono a gefe. Wanda suke kira carpe shi ne karfasa, machoiron kuma dangin tarwaɗa ne. Akwai wanda suke kira capitaine, wanda mutumin Nijar zai zaci giwan ruwa ne saboda haka ake kiransa a Yamai, alhali a bakin teku wani kifi ne daban. Akwai jatan lande da ƙaguwa ga mai sha'awa, kuma a mazhabar Malikiyya duk abin da ke rayuwa a teku halal ne. Al'adar wurin ita ce a kawo ɗanyen kifi a tire mutum ya zaɓa, kuma girmansa ne ke yanke kuɗinsa. A nan ne ake yin ciniki. Wanda ya ce a gasa masa kifi kawai bai nuna ba, bai tambaya ba, shi da mai wurin ne za su yi ta jayayya bayan an cinye. A kuma sa rai da jira, domin sai an zaɓa ake ɗora shi a wuta, abin da kan ci kusan sa'a guda ranar da jama'a suka yi yawa.

Wuraren cin abinci hawa uku ne. Na sama su ne na otal-otal ɗin bakin teku, irin su La Taverne Bassamoise da Étoile du Sud da Assoyam, inda ake haɗa girkin Faransa da na gida, kuma rabin kuɗin da mutum zai biya na iska ne da kujerar da ke fuskantar ruwa. Na tsakiya su ne waɗanda ake kira maquis, ana furta shi maki: fili ne da rumfa da kujerun roba, abinci mai yawa, farashi daidai aljihun ma'aikaci. Waɗanda ke bakin tafki sun fi na bakin teku sauƙi da natsuwa. A irinsu ne ake samun kejenu, wato kaza da ake zubawa a tukunyar ƙasa da albasa da tumatir da gauta da barkono, a rufe bakin ruf ba a ƙara ruwa ba, a riƙa jijjiga tukunyar a kan garwashi har naman ya dahu da ruwan jikinsa. Akwai futu, sakwarar agada da rogo, da miyar kwakwar manja. Akwai aloko, soyayyar nunanniyar agada, wadda yara ba sa ƙi.

A maki ɗin ne kuma ake buƙatar lura. Musulmi sun haura kashi 40 cikin 100 na al'ummar Kodebuwa, kuma mahauta da yawa Musulmi ne, amma kudu ba arewa ba ce. Kusan kowane maki yana sayar da giya, wasu sun shahara da gasasshen alade, wasu da naman daji irin su gyazbi da dodon koɗi, kuma ba lallai ne a raba waya ko cokali ba. A girkin Faransa akan zuba giya a miya. Kalmomi biyu za su yi wa baƙo amfani: sans porc, ba alade, da sans alcool, ba giya. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta da yankan kaza ba ya tsaya a kan kifi, ya kuma dubi abin da ke kan wayar gashin kafin ya zauna. Farin ruwan da ake kira bandji bammi ne, kutuku kuma barasa ce mai ƙarfi. Abin sha mai tsabta shi ne ruwan kwakwa da ake sarewa a gaban mutum, da bisap wanda zoɓo ne, da nyamakuji wanda lemon citta ne mai yaji, da dege, wanda ɗan uwan fura da nono ne.

Hawa na uku shi ne na bakin titi a sabon gari, kuma a nan Bahaushe zai ji kamar ya dawo gida. Abincin talakan Abijan da ɗalibai da leburori sunansa garba: aceke ne da soyayyen kifin tuna, a yayyafa ɗanyen barkono da albasa da dunƙule, a zuba cokalin man da aka soya kifin. Tashar Abijan tana cikin manyan wuraren sauke tuna a Afirka, kuma kifin da kamfanonin gwangwani ba su ɗauka ba shi ne ke gangarowa kasuwa da araha. Mazan da suka riƙe wannan sana'a tun asali akasarinsu 'yan ci-rani ne daga Nijar, kuma bayanin da ya fi yaɗuwa shi ne daga sunan Garba abincin ya samo sunansa, ko da yake wasu na danganta shi da Dicoh Garba, ministan da ya kula da harkar dabbobi da kifi a shekarun 1970. Ko ma wanne ne, wanda ya yi sallama da Hausa a rumfar garba zai yi wuya a rasa mai amsa masa. Ɗaruruwan sefa kaɗan ke ƙosar da mutum. Aibinsa ɗaya: man yakan sha suya har ya yi baƙi, don haka mai hawan jini ko gyambon ciki ya ce a rage masa mai da dunƙule, kuma zuwa da hantsi ya fi, lokacin da man yake sabo.

Da dare kuma sai masu shukuya su hura wuta. Naman rago ne ko na sa da ake gasawa a naɗe a takarda da albasa, a barbaɗa garin yaji da suke kira kankankan. Duk wanda ya san balangu ya san shi, masu yinsa ma galibi mutanen Sahel ne.

Tsaro, kuɗi da lokaci

Ba a maganar Bassam a tsallake ranar 13 ga Maris 2016, lokacin da 'yan bindiga uku suka buɗe wuta a kan masu hutawa a bakin teku, suka kashe mutum 19, cikinsu har da sojoji uku. Reshen Alƙa'ida na yankin Magrib ya ɗauki alhakin harin, kuma a Disambar 2022 wata kotu a Abijan ta yanke wa wasu daga cikin waɗanda aka tuhuma ɗaurin rai da rai. Kasuwar otal-otal ta mutu na wani lokaci, sannan ta farfaɗo, aka kuma ƙara jami'an tsaro a yankin. Baƙo ya riƙa yawo da takardar shaidarsa, kada kuma ya yi tafiya a bakin teku bayan duhu ya shiga, saboda masu ƙwace.

Katin rigakafin shawara wajibi ne, ana dubawa a filin jirgi da kan iyaka, abin da ba zai ba da mamaki ba ga wanda ya san abin da cutar ta yi wa garin. Ga sauro, tafki ne a bayan ɗaki, don haka gidan sauro da magani su shiga jaka.

Kuɗin ƙasar sefa ce ta Afirka ta Yamma, irin ta Nijar da Benin da Togo, wadda aka ɗaure da yuro a kan sefa 655.957. Ma'anar wannan ga mai albashin naira ita ce, duk faɗuwar da naira ta yi a gaban yuro ta yi ta ne a gaban sefa, saboda haka lissafin da aka yi bara ba zai yi aiki bana ba. Gara a canzo tun daga Wapa ko Legas, a kuma tabbatar ba sefar Kamaru da Chadi aka karɓa ba, domin darajarsu ɗaya amma ba a karɓarta a nan. Canji yana wahala ƙwarai, mai tasi da mai kwakwa ba za su fasa takardar dubu goma ba, sai a tanadi ƙanana ko a buɗe asusun waya irin su Wave da Orange Money. Akwai kuma wani tarko na lissafi: ɗan Nijar da dala yake ƙirga, dala ɗaya sefa biyar, Julawa ma haka suke yi da nasu harshen. Idan mai garba ya ce ashirin, sefa 100 yake nufi, idan ya ce ɗari, 500 ke nan, jaka kuma 1,000.

Faransanci ne harshen hukuma da na otal, Julanci na kasuwa, Turancin Ingilishi kuwa sai an dace, duk da cewa akwai jami'a mai koyarwa da shi a garin. Agogonsu yana bayan na Najeriya da sa'a ɗaya, abin lura ga lokutan salla da na jirgi. Masallatai suna sabon gari, mai masauki a bakin teku zai buƙaci tasi ranar Juma'a.

Babbar damina tana sauka daga Mayu zuwa Yuli, ƙarama kuma a Oktoba da Nuwamba. Ba abin wasa ba ce: bayan haƙa mashigar Vridi ruwan Comoé ya karkata can, yashi ya toshe tsohon bakin kogin, kuma a Oktoban 2019 ruwa ya cika ya mamaye tsohon gari har mutane suka koma shiga kwale-kwale a tituna, abin da ya sa gwamnati ta ƙaddamar da aikin sake buɗe bakin. Daga Disamba zuwa Maris ne sarari ya fi, sai dai makon Kirsimeti da sabuwar shekara farashi kan tashi.

Daga Abijan ana samun ƙananan motocin haya da suke kira gbaka da woro-woro a tashar Bassam da ke Treichville, mai tasi na kansa kuma zai biya kuɗin shingen babbar hanya. Kwana biyu sun isa a ga tsohon gari, a ci kifi, a huta, kuma Talata zuwa Alhamis sun fi dacewa da mai iyali, lokacin da kiɗa ya lafa, shigar bakin teku ta ragu, masu otal kuma suke sauraron tayi. Wanda jirginsa zai tashi daren Lahadi ya bar garin tun azahar, domin da la'asar duk Abijan ce ke komawa gida a kan hanya ɗaya.